Yadda ake bin wuta a gano matsalar fitilun mota

Tsakanin batir da ƙwan fitila babu wani abu mai yawa: fis ne, da rile (makunnin da wuta ke kunnawa, ba hannu ba), da makunni, da waya, da soket. Sai kuma hanyar da wuta ke bi ta koma batir, wato bodin motar kanta. Duk fitilar da ta mutu, ko take haske kamar aci-balbal, a ɗaya daga cikin waɗannan wuraren wuta ta maƙale, kuma ana iya gano wurin kafin a sayi ko da ƙwai ɗaya. Abin da ke cinye kuɗin masu mota shi ne canke. A canza ƙwai, bai yi ba. A canza rile, bai yi ba. Sai a ce makunnin sitiyari ne, a tura yaro Sabon Gari ya sayo, a ɗaura, fitila na nan yadda take, alhali wata 'yar waya ce ta yi tsatsa a bayan fitilar.

Wanda ke bin hanyar Shika zuwa Giwa da dare, ko hanyar Jos ta Pambeguwa, ya san mota mai ido ɗaya ba abin wasa ba ce. Mai zuwa daga gaba ɗauka yake babur ne, sai ya matso ya ga ashe mota ce. Maganar tarar 'yan Road Safety ma ƙarama ce a kan wannan.

Kayan aiki

Abu na farko testa, irin mai ƙwai a ciki da waya mai bakin kada. Ba testar NEPA ba, ita ba ta kamawa da wutar 12V. In ba ka da ita, ka samu ƙaramin ƙwan fakin na 5W ka haɗa masa waya biyu, ya wadatar. Na biyu mita, wadda za ka murɗa zuwa DCV 20, baƙar waya a ramin COM, ja a ramin da aka rubuta V. Sai sifana lamba 10, sukudireba, filaya, samfefa, salatif, da 'yan fis na ajiya.

Ka cire zobe da agogon ƙarfe. Zobe in ya haɗa kan batir da bodi, kafin ka janye hannu ya ƙona yatsa. Duk lokacin da za ka yanke waya ko ka kwance wani abu, ka fara cire kan batir na nagetif, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Wayoyi masu soket rawaya da ke ƙarƙashin sitiyari da kujera na jakar iska ne, kada testa ta kusance su.

Mataki na farko: ka duba alamu kafin ka buɗe bonet

Bayan magariba ya fi. Ka fuskantar da motar ga bango, ka ja birkin hannu, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ba sai ka tayar da inji ba. Ka sa wani a kujerar direba, kai kana zagayawa kana faɗa masa: fakin, dim, ful, sigina ta dama, ta hagu, dabul sigina, birki, ribas. Ka duba har fitilar lamba. In ka gama ɗaya bayan ɗaya, sai ka haɗa su biyu-biyu: fakin da birki, birki da sigina. Yawancin mutane ba sa yin wannan na biyun, kuma a nan ne ɓoyayyen laifi ke fitowa.

Ga yadda ake karanta abin da aka gani. In gefe ɗaya ne ya mutu, hankalinka ya tafi kan ƙwai, soket, wayar bodi ta wannan gefen, ko fis ɗinsa, domin motoci da yawa kowane gefe da nasa fis. In duka biyun suka ɗauke lokaci guda, abin da suke tarayya a kai ake zargi: fis, rile, makunni. Amma a nan akwai tarko. Sau da yawa ba lokaci guda suka mutu ba. Na hagu ya ƙone tun makonni, mai mota yana yawo tsakanin PZ da Tudun Wada a Zariya cikin hasken shaguna da na sauran motoci bai lura ba, sai ranar da na dama ya bi shi ya ce wayarin ne ya lalace. Saboda haka ko biyun ne suka mutu, a duba ƙwai.

In dukan fitilu ne suka yi rauni, suna ƙaruwa in an taka totur suna raguwa in an saki, maganar batir ce da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir. In haske na ƙiftawa duk sanda aka faɗa rami, wani haɗi ne ya saki. In sigina na bugawa da sauri-sauri a gefe ɗaya, ƙwai ɗaya na wannan gefen ya ƙone, na gaba ko na baya. In dabul sigina na yi amma sigina ba ta yi, ka tuna a motoci da yawa wutar sigina ta cikin maɓallin dabul sigina take ratsawa, kuma fis ɗinsu daban-daban ne. In kuwa an taka birki sai fitilar fakin ta dushe, ko sigina ta kama ja-ja tana numfashi tare da ta birki, to kusan ba sai an yi dogon bincike ba, wayar bodi ta fitilar bayan ce ta rasa kamu, wuta na neman hanyar komawa ta cikin sauran ƙwayayen.

Wata alama da ya kamata kowane direba ya riƙe: in hasken dashbod ya ɗauke da dare, ka tsaya ka duba fitilun baya. A motocin Japan da yawa fis ɗaya ke ba su wuta. Kana iya tafe da fitilun gaba tangaran, bayanka kuwa duhu ne, tirela na biye.

Mataki na biyu: batir da altaneta

Wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Inji a kashe, ka ɗora mita a kan batir. Cikakken batir yana nuna 12.6V. In ka ga 12.2V ya kai rabi, ƙasa da 12V kuwa ya zube, sai an yi caji kafin sauran awon ya zama abin dogaro. Ka tayar da inji, ka kunna fitilu. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8V da 14.5V. Wasu sababbin motoci suna rage caji da kansu in babu nauyi a kan batir, shi ya sa ake kunna fitilu kafin a auna.

In ya haura 15V, ka samu dalilin da ya sa kake sayen ƙwai kowane wata. Altaneta na ba da wuta fiye da kima, kuma ƙwan halojin ba ya jure wannan: ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan wutar da aka yi shi dominta yana rage kwanansa da kusan rabi. Altaneta za a gyara, canza ƙwai ba zai tsayar da abin ba.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, a cire kan batir inji na aiki wai a ga ko altaneta na caji, ko a ari batir a tayar da mota sannan a zare shi a mayar da nata tana kunne. A tsohuwar 504 an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota, tsallen da wuta ke yi a wannan lokacin yana ƙona ƙwayaye, wani lokacin har da ƙwaƙwalwar. Mita na ba da amsar ba tare da wannan kasada ba.

Ka girgiza kawunan batir da hannu. In sun juya, ko akwai farin gari ko kore a jikinsu, ka kwance ka goge ka ɗaure. Ka bi baƙar wayar nagetif har inda ta kama bodi da inji, ka tabbatar notin a ɗaure yake.

Mataki na uku: ƙwai da soket

Ka zare soket, ka ciro ƙwan, ka ɗaga shi ga haske. Zaren ciki in ya tsinke za ka gani, gilashin in ya yi baƙi ko fari kamar hayaƙi ya gama aiki. Amma ido na yaudara. Hanya mafi sauƙi ita ce musanya: ka kai ƙwan gefen da ke aiki zuwa gefen da ya mutu. In ya kama, ƙwai ne. In bai kama ba, ka ajiye kuɗinka ka ci gaba. Kada ka riƙe gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi ya kumbura. Ka kama shi ta gindi ko da tsumma mai tsabta.

Ka karanta lambar da ke gindinsa kafin ka je shago. H4 yana da ƙafa uku da zare biyu, dim da ful a ƙwai ɗaya, 60/55W. H7 ƙafa biyu ne, 55W. Motocin da aka shigo da su daga Amurka sukan zo da 9005 da 9006, ko H11. A baya kuma akwai mai zare ɗaya na 21W, da mai zare biyu na 21/5W wanda ke yin birki da fakin tare. Wannan mai zare biyun ƙusoshin gefensa ba a layi ɗaya suke ba, don kada ya shiga a juye. In aka danna shi da ƙarfi a juye, fakin zai fi birki haske; in kuma aka cusa mai zare ɗaya a raminsa, sai ka ga an taka birki fitilun fakin na gaba da na dashbod sun kama. Mutum ya yi ta neman shot a wayarin, wato inda waya mai wuta ta taɓa ƙarfe, ashe ƙwan da aka saka jiya ne.

Yanzu ka haska cikin soket ɗin. A Golf da Sharon da ke jigilar dare daga Kwangila za ka yi ta cin karo da abu iri ɗaya: robar soket ɗin H4 ta narke a gefen ƙafa ɗaya, ta yi ruwan ƙasa ta dunƙule, ƙarfen ciki ya yi baƙi ya buɗe baki har ƙafar ƙwai na lilo a ciki, in ka sunsuna ka ji ƙaurin roba. Ka juya ƙwan, an rubuta 100/90W. Lissafin ba shi da wuya, wat ake rabawa da volt. Ƙwan 55W na jan kusan 4.6A, na 100W kuwa ya haura 8A, a kan waya da soket da makunnin da aka yi wa rabin wannan. Direba na son haske, ba a ga laifinsa ba, amma abin da yake samu shi ne hasken 'yan makonni, sannan soket ya saki, haske ya koma ƙasa da na asali. Irin wannan soket ba a matse shi da filaya a mayar. A yanke shi a sa sabo, a koma ƙwan da kamfani ya ce.

In kore-kore ka gani a ciki, ruwa ne. Bayan ruwan Agusta, ko bayan an wanke inji da famfo mai ƙarfi, ka duba murfin robar da ke bayan fitilar gaba ko yana nan, ka duba ƙasan fitilar baya ko ruwa ya kwanta. A goge da samfefa, a busar, a toshe inda ruwan ke shiga.

Mataki na huɗu: fis

Akwatin fis yawanci biyu ne, ɗaya a cikin bonet kusa da batir, ɗaya a ƙarƙashin dashbod. Taswirar na jikin murfin: HEAD, ko H-LP LH da RH na fitilun gaba, TAIL na baya, STOP na birki, TURN ko HAZ na sigina. Ba sai ka ciro su ɗaya bayan ɗaya ba. A bayan kowane fis akwai ɗigon ƙarfe biyu a fili. Ka maƙala bakin kadar testa a bodi, ka kunna fitilar da ake nema, ka taɓa ɗigon biyu. Duka sun kama, fis lafiya. Ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, ya ƙone. Babu wanda ya kama, wuta ba ta iso wurin ba, matsalar na can baya, a rile ko makunni ko babban fis.

Launi na gaya maka ƙarfinsa: ja 10A, shuɗi 15A, rawaya 20A, kore 30A. Abin da ka ciro shi za ka mayar.

Sau nawa ka ji yaron gareji ya ce, “Oga, fis ne kawai, bari in naɗa masa waya”? Amsarka ita ce, “A'a, samo mini irinsa.” Fis an yi shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. In aka naɗa masa silin waya, ko takardar sigari mai ƙyalli, ko aka sa na 30A a gurbin na 10A, an cire abin da zai tsinke, sai wayar da ke cikin dashbod ta ɗauki zafin. Gobarar mota da yawa daga nan take farawa. Ka sa sabo sau ɗaya. In ya zauna, ka ci gaba da lura. In ya sake ƙonewa, akwai shot, kuma za mu zo kansa.

Mataki na biyar: rile

Ka ɗora yatsa a kansa, a kunna fitila, ka ji ko ya yi ƙas. Rashin ƙarar na nufin ko rile ɗin ya mutu ko umarni bai iso daga makunni ba. Jin ƙarar kuma ba shaida ba ce, bakin cikinsa na iya cinyewa yana ƙara amma ba ya wuce da wuta. Ka nemi wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, sau da yawa na hon, ka musanya.

In kana son tabbaci, ka duba ƙasansa. A motocin Turai za ka ga 30, 85, 86, 87. Lamba 30 wuta ce daga batir, 87 ita ke fita zuwa fitila, 85 da 86 su ne na umarni. A na Japan sukan rubuta 1 da 2 na umarni, 3 da 5 na wuta. Ka ciro rile, ka taɓa ramin 30 da testa, ya kamata ya kama. Sannan ka ɗauki guntuwar waya mai fis a tsakiya ka haɗa ramin 30 da 87. In fitila ta kama, daga nan zuwa ƙwai komai lafiya, laifin na rile ne ko na ɓangaren makunni. In ba ta kama ba, laifin na gaba, tsakanin akwatin da fitila. Da wannan gwaji ɗaya ka raba layin gida biyu ka jefar da rabi. Ka dai tabbatar da ramukan kafin ka haɗa, kuma kada a bar wayar a matsayin gyara.

Mataki na shida: wuta ta iso, amma tana iya komawa?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya zare soket, ya sa mita, ya ga 12V, ya ce wuta na zuwa, ke nan ƙwai ne. Ya sa sabo, shiru. Dalili shi ne mita ba ta jan wuta. Waya in ta tsinke saura sili ɗaya, ko haɗi ya yi tsatsa, mita za ta nuna 12V cif, amma da zarar an ɗora ƙwan da ke neman 4A ko 5A sai wutar ta zube. Saboda haka a auna ƙwai na jiki, fitila a kunne, inji na aiki, ana soka tsinken mita ta bayan soket inda waya ta shiga.

Awo biyu za ka yi. Na farko, jan tsinke a kan fozitif na batir, baƙi a wayar da ke kawo wuta a bayan soket. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya. Ƙasa da 0.5V babu laifi. In ka ga 1V ko 2V, akwai wurin da ke shan wuta, sai ka riƙa ja da baya da baƙin tsinken, soket zuwa rile zuwa fis, har inda lambar ta faɗi. Tsakanin wurin da ta faɗi da wanda ka baro, nan laifin yake. Sau da yawa ma hannu na riga mita ganowa, domin wurin ɗumi yake yi. Kada ka raina volt ɗaya: ƙwan halojin in ya rasa kashi 10 cikin 100 na wutarsa, kusan kashi ɗaya cikin uku na haskensa ke tafiya. Masu cewa fitilarsu ba ta haske a sa musu babban ƙwai, yawancinsu wannan ne ciwonsu.

Na biyu, baƙin tsinke a kan nagetif na batir, ja a wayar bodi ta soket. Ana son kada ya wuce 0.2V. In ya wuce sosai, hanyar komawa ta toshe. Gwajin gaggawa: ka ɗauki doguwar waya daga nagetif na batir ka taɓa wayar bodin soket. In haske ya tashi nan take, ka gama bincike. Ka bi wayar har inda aka ɗaure ta da noti a jikin mota, yawanci bayan fitila ko cikin but a bayan kafet. A Volkswagen ruwan ƙasa ce, a Toyota fara mai baƙin layi, a Honda baƙa. Ka kwance, ka goge ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a kai. Motar da ta fito daga wurin mai gyaran bodi da fenti, nan za ka fara dubawa. Ko an fesa fenti a wurin an ɗaure wayar a kansa, ko an manta da ita gaba ɗaya tana reto a bayan bamba.

Hattara da abu ɗaya kafin ka taɓa wata waya da nagetif. A tsofaffin Toyota da dama tsarin fitilar gaba a juye yake: ƙafar da dim da ful suka yi tarayya a kai ita ke ɗauke da wuta, makunni kuma bodi yake ba wa wanda aka zaɓa. Wanda bai sani ba ya ɗauka wannan ƙafar ta bodi ce ya haɗa ta da ƙarfe, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Ka zare soket ka gwada kowace ƙafa da testa tukuna, ka san wacce ce mai wuta.

Fis da ke ƙonewa a kai a kai

Shot na nufin waya mai wuta ta goge ta taɓa ƙarfe. Kada ka ƙarar da fakitin fis wajen nema. Ka samu ƙwan 21W mai waya biyu, ka soka wayoyin a ramukan fis ɗin da ke ƙonewa. Ka cire ƙwayayen da ke kan layin, ka kunna makunni. Muddin shot na nan, ƙwan gwajin zai haska sosai, kuma shi ke tare wutar, waya ba za ta yi zafi ba. Sai ka bi layin kana zare soket ɗaya bayan ɗaya, kana girgiza damin waya da hannu, idonka na kan ƙwan. Inda ya mutu ko ya ƙifta, ka tsaya.

Akwai wuraren da ya kamata ka fara da su. Na ɗaya robar da ke tsakanin murfin but da bodi, inda wayoyi ke lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa. Ka ja robar baya, za ka iya tarar da waya uku ko huɗu rigarsu ta tsage a wuri ɗaya, jan ƙarfen a waje. Na biyu bayan rediyo. Mai saka rediyo ya ga wata waya ba ta kama testa, ya ɗauka ta bodi ce ya haɗa, alhali ta hasken dashbod ce wadda sai an kunna fakin take samun wuta. Da rana komai lafiya, magariba na yi a kunna fitila fis ɗin TAIL ya tashi. In matsalar ta fara ne bayan an taɓa rediyo, ko an ƙara fitilun ado, ko na'urar tsaro, daga nan za ka fara. Sai inda waya ta ratsa ƙarfe babu roba, da kusa da salansa, da motar da ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi, domin ɓera na son rigar waya.

Makunnai

Na sitiyari shi ne ƙarshen abin zargi, ba farko ba, don ya fi tsada da wahalar kwancewa. Alamarsa: in ka ja sandar ful na kamawa, amma in ka murɗa ba ya zama, ko sai ka jijjiga ta fitila ke kamawa. Ka tabbatar da testa cewa wuta na shiga ba ta fita kafin ka saya.

Na birki yana saman feda. In fitilun birki duka sun mutu kuma fis da ƙwayaye lafiya, shi ake zargi. A mota mai giyar otomatik yakan zo da wata alama, giya ta ƙi fita daga P. Akwai kuma akasin haka, fitilar birki ta ƙi mutuwa har batir ya zube cikin dare. A Honda musamman, ka duba kafet ƙarƙashin feda. In ka ga ɓarɓashin roba kamar an fasa maɓallin riga, wata 'yar roba ce da ke danne makunnin ta tsufa ta farfashe. Sabuwa ba ta da tsada, kafin a samu kuma ƙaramin kusa da noti a ramin na riƙewa. Na ribas a jikin giyabos yake, sau da yawa soket ɗinsa ne ke zarewa bayan an yi aikin kuloci.

Inda za ka dakata

Fitilar HID, mai farin haske da akwati a ƙasanta, tana tashi da wutar da ta haura volt 20,000. Kada ka sa testa ko hannu a wayar ƙwanta tana kunne. Sababbin motoci kuma da yawa ba makunni ke ba fitila wuta kai tsaye ba, saƙo yake aika wa ƙwaƙwalwa ita ta kunna, irin BSI na Peugeot 307 da 407. A irinsu kana iya duba ƙwai, fis, soket da wayar bodi, amma siraran wayoyin da ke shiga ƙwaƙwalwar ba a soka musu testa mai ƙwai, sai mita da na'urar karanta laifi. Ƙwan LED da aka sa a gurbin na asali shi ma yana kawo nasa: sigina ta riƙa sauri, ko dashbod ya ce ƙwai ya ƙone, saboda ba ya jan wutar da motar ke tsammani. Wasu kuma in an juya ƙafarsu ba sa kamawa, sai an zare an juya. In za ka kai wa mai wayarin, ka je da abin da ka auna: “Malam, fis da rile lafiya, wuta na fita daga akwati amma ba ta isa soket na hagu.” Aikin yini sai ya koma na awa ɗaya.

In waya ka gyara da kanka, kada ka murɗa ta da hannu ka naɗe da salatif ka tafi, zafin bonet a watan Afrilu zai warware shi. A haɗa da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta, a yi amfani da waya mai kaurin ta asali, a ɗaure ta nesa da ƙarfe mai kaifi. Sannan ka mayar da kan batir, ka sake zagayen farko gaba ɗaya, har da haɗa birki da fakin da sigina. Ka bar fitilun gaba a kunne minti 10 inji na aiki, ka taɓa fis da rile da wurin da ka gyara. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in wuri ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, haɗin bai kama ba, sai a sake shi.